Wai da gaske damuwa tana cinye jiki, ko kuwa faɗa ce kawai?

Mai_Shago_Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masanan cikinmu su warware mini ita. Duk wanda ya je asibiti da hawan jini ko olsa, abin da za a fara ce masa shi ne ya rage tunani. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, sai a ce baƙin ciki ne ya kashe shi. Ni a ganina an cika ɗora wa damuwa laifi. Ku dubi barewa a daji, tun daga haihuwarta har mutuwarta cikin tsoron zaki da maharba take, amma ban taɓa jin an ce barewa ta kamu da hawan jini ba. Kakanninmu sun ga yunwa, sun ga haraji da jangali, kuma suka tsufa tukuf. To ta wace hanya abin da ke cikin zuciya yake komawa ciwo a jiki? Hujja nake nema, ba lallashi ba.

UmmuSadiq:
Wa alaikumus salam. Malam, ni ba likita ba ce, amma na gani da idona. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, mahaifiyarmu ta ɗauki jinyarsa shekara da shekaru: ita ce juya shi, ita ce wanka, ita ce tashin dare. Mace ce da ko ciwon kai ba ta cika yi ba. Kafin Allah ya karɓi abinsa, ita ma ta kamu da hawan jini da suga, ta rame, ɗan yanka da wuƙa a madafi sai ya daɗe bai warke ba. Ba a sauya mata abinci ba, ba ta bar gidan ba. Me ya sauya in ba barcinta da kwanciyar hankalinta ba?

Nas_Barnawa:
Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya. Malam Mai Shago, tambayarka tana kan hanya, kuma barewar da ka kawo ita ce amsar.

Idan mutum ko dabba ya hangi haɗari, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu 'yan halittu biyu ƙanana da ke zaune a saman ƙoda. Nan take su saki sinadarin adiranalin, daga baya kotisol ya biyo. Zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, hanta ta zubo suga cikin jini don ƙafafu su samu ƙarfin gudu. A lokaci guda kuma jiki ya jingine duk aikin da ba na gaggawa ba: narkar da abinci, gyaran rauni, sha'awa da haihuwa. Wannan rahama ce, shi ke ceton barewa. Amma gudun barewa na 'yan mintuna ne. Ko zaki ya kama ta, ko ta tsira ta koma cin ciyawa, jikinta ya sauka.

Ɗan Adam fa? Mai gidan haya ya ba shi wa'adi, sai ya kwana da abin, ya tashi da shi, ya yi salla da shi, wata uku cur. Jiki bai san bambancin zaki da takardar bashi ba, sinadaran nan dai zai saki. Kamar janareto ne da aka tanada don a tayar idan an ɗauke wuta, sai aka bar shi yana aiki dare da rana ba hutu. Jini ya zauna a sama, suga ya zauna a sama, kitse ya taru a ciki, garkuwar jiki ta rikice, barci ya gudu. Ba tsoron ne ke illa ba, rashin saukarsa ne.

Dan_Ruga77:
Mu makiyaya wannan ba sabon labari ba ne. Saniyar da aka firgita, ko baƙo ya zo da hayaniya lokacin tatsa, riƙe nononta take yi. Hantsa cike, amma ko ɗigo ba za ka samu ba sai ta natsu, an kawo mata maraƙinta ta lashe shi. Garken da aka yi ta kora daga wannan daji zuwa wancan saboda ɓarayi, ko da akwai ciyawa, za ka ga nono ya ragu, shanu sun jinkirta ɗaukar ciki, wasu su yi ɓari.

Likitan_Dabbobi_Vom:
Ɗan Ruga ya faɗi gaskiya. Sinadarin da ke sakin nono daga hantsa, adiranalin yana tare masa hanya.

Bari in ba Malam Mai Shago hujjar da ya nema, domin asalin wannan ilimi ma a jikin dabba aka gano shi. A 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a jami'ar McGill da ke Kanada, ya lura cewa duk irin wahalar da ya ba ɓeraye, ko sanyi mai tsanani, ko gudu ba hutu, ko allurar wani abu mai cutarwa, idan abin ya daɗe sakamakon iri ɗaya ne: halittun nan na saman ƙoda su kumbura, sassan da ke haɗa garkuwar jiki su motse, tumbi ya yi gyambo. Ɓera bai san bashi ba, bai san kishiya ba, amma ya yi olsa.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. A wasu tsibirai na yammacin Kanada, masu bincike sun kewaye sheƙunan wasu ƙananan tsuntsaye da raga da wayar lantarki, yadda babu abin da zai iya cin ƙwai ko 'yan tsaki. Sai suka rataya lasifika. Wasu tsuntsayen ana kunna musu kukan shaho da mujiya da sauran masu cinsu, wasu kuma kukan tsuntsaye marasa cutarwa. An buga sakamakon a 2011: waɗanda suka yi ta jin kukan maƙiya, 'ya'yan da suka raya sun ragu da kashi 40 cikin ɗari. Sun rage yawan ƙwai, sun rage kai wa 'ya'ya abinci. Babu wanda ya taɓa su, tsoro kaɗai ne.

Mai_Shago_Kwari:
Likita, na ji maganar tsuntsaye kuma ta shige ni. Amma tsuntsu daban, mutum daban. Mutum yana da hankali da imani, zai iya ba kansa haƙuri.

Hajiyar_Kaji:
Ni ma bari in sa baki a ɓangaren kaji. Duk mai kiwon 'yan ƙwai a Kano ya san abin da watan Afrilu yake yi mana. Zafi ya yi yawa, kaji su buɗe baki suna haki, su rage cin abinci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. In ka cusa su da yawa a ɗaki ɗaya kuma, sai su fara tsattsagar juna har jini. Kuma na lura ciwo ya fi kama su bayan an sauya musu ɗaki ko an ɗauko su daga nesa. Shi ya sa muke sa musu bitamin a ruwa kwanakin farko.

Abban_Walid:
Ina neman afuwa, amma dole a gyara magana ɗaya kafin ta yi nisa. Olsa ba tunani ne babban dalilinta ba. Wasu likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun gano a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori ke haddasa mafi yawanta. Marshall har shan ƙwayar ya yi don ya tabbatar wa duniya, kuma an ba su kyautar Nobel a 2005. Dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda mutanenmu ke saya a kemis suna sha da cikin wofi. Na san mutane da yawa da suka yi shekaru suna shan madara da maganin alli, ana ce musu su rage tunani, alhali gwaji da maganin mako biyu ne zai raba su da ita.

Nas_Barnawa:
@Abban_Walid gyaranka ya yi daidai, duk mai ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya je a yi masa gwajin ƙwayar. Sai dai kada mu tsallaka ɗaya gefen. Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar nan, kuma mafi yawansu ba su taɓa yin olsa ba. Bayan girgizar ƙasar Kobe a Japan a 1995, likitocin yankin sun ga masu gyambon ciki mai zubar jini sun ƙaru, musamman tsofaffi. Ƙwayar tana nan tun da, tashin hankali ne ya buɗe mata ƙofa.

Malamin_Islamiyya:
Ina so in amsa wa ɗan uwa Mai Shago a kan zancen imani, domin maganar tana cutar da mutane ba tare da an sani ba. Sau da yawa mace ta ce ba ta iya barci, zuciyarta na bugawa, sai a ce mata ba ta da tawakkali. Wa ya kai Annabi Yaƙub, alaihis salam, imani? Amma Alƙur'ani a Suratu Yusuf ya ba mu labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Wato baƙin ciki ya taɓa jikin Annabi guda. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya kasance yana yawan neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, a addu'a ɗaya da neman tsari daga nauyin bashi. Ba a neman tsari daga abin da ba ya cutarwa. Addu'a da zikiri suna sanyaya zuciya, wannan babu shakka. Amma wanda bashi ya danne, bayan addu'a yana buƙatar ɗan uwan da zai rage masa bashin.

Haka dabbobi. A hadisin Abu Dawud akwai raƙumin da ya ga Annabi ya zubar da hawaye, Annabi ya kira mai shi ya yi masa faɗa a kan yana barinsa da yunwa yana kuma wahalar da shi. Akwai kuma tsuntsuwar da sahabbai suka ɗauke wa 'ya'ya, ya ce a mayar mata da su.

Zee_Gusau:
Malam Allah ya saka da alheri. Mu nan ba sai an ba mu labarin Kanada ba. Ƙanwar mahaifiyata ta baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga, tana zaune wurinmu. Yanzu tana cikin gari, babu abin da ke binta, amma ƙarar babur da dare sai ta zabura ta tashi zaune, gumi ya jiƙa ta. Al'adarta ta rikice, kanta kullum ciwo, jininta ya hau, ga ta ko arba'in ba ta kai ba. Yaran da suka zo da ita, babban ya koma fitsarin kwance.

Nas_Barnawa:
@Zee_Gusau don Allah kada ku tsaya a maganin hawan jini kaɗai. Abin da kika siffanta yana da magani, kuma ba hauka ba ne. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, akwai na Barnawa a Kaduna, akwai na Maiduguri, Kano kuma akwai Dawanau. Manyan asibitoci ma suna da sashen. Yaron kuma kada a dake shi a kan fitsarin, duka ƙara masa tsoro zai yi. A ja shi a jiki, a sa shi makaranta, ya samu abin da ya tabbata kullum zai faru a lokacinsa.

Sarkin_Fawa_Jr:
Ni mahauci ne ɗan mahauci. Ku tambayi duk wanda ya daɗe a kwata: saniyar da aka loda a tirela daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas, tana tsaye a matse, ba ruwa ba ciyawa, ana dukanta wajen saukewa, in aka yanka ta a ranar namanta baƙi yake fitowa, ya yi tauri, ya bushe, kuma ba ya jure ajiya. Wadda aka bari ta huta ta sha ruwa, nama ja mai kyau. Mahaifina ba ya yarda a wasa wuƙa a gaban dabba ko a yanka wata tana kallo.

Likitan_Dabbobi_Vom:
Sarkin Fawa, abin da ka gani a kwata haka yake a littafi. Tsoka tana da ajiyar suga. Bayan yanka, ajiyar nan ce ke komawa ɗan tsami wanda ke sa nama ya yi ja ya kuma hana shi saurin lalacewa. Dabbar da ta daɗe cikin wahala ta ƙone ajiyar tun tana da rai, don haka naman ya fito baƙi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Akwai kuma ciwon huhu da ke kama shanu 'yan kwanaki bayan doguwar tafiya a mota. Ƙwayar cutar dama tana zaune a hancin saniya lafiya lau, sai wahalar hanya ta karya garkuwa, ta gangara huhu. Wannan shi ne abin da Hajiyar Kaji ta lura da shi a kajinta.

Dalibar_ABU:
@Mai_Shago_Kwari ka ce tsuntsu daban mutum daban, to ga na mutane. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa sun buga binciken da suka yi a Ingila a kan mutum 394 masu lafiya. An fara auna yawan damuwar da kowa ke ciki, sannan aka ɗiga musu ƙwayar mura a hanci, aka killace su. Gwargwadon damuwar mutum, gwargwadon yiwuwar murar ta kama shi.

Na biyun kuma kamar don Anti UmmuSadiq aka yi shi. A 1995 a jihar Ohio ta Amurka, an yi wa wasu mata masu jinyar 'yan uwansu da suka kamu da ciwon mantuwa ɗan ƙaramin rauni a hannu, aka yi irinsa ga wasu mata sa'o'insu da ba sa jinya. Raunin masu jinya ya ɗauki kusan kwana 9 fiye da na sauran kafin ya warke.

UmmuSadiq:
Allahu akbar. Wallahi da mun san haka da mun riƙa karɓarta ko dare biyu a mako. Mu muna ganin kai kuɗi da abinci ya wadatar.

Bakatsine_a_Landan:
Wani abu da ba a taɓo ba shi ne matsayi. Mutane suna ɗauka manya ne ke da hawan jini saboda nauyin da ke kansu. A nan Landan an fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 tun 1967, binciken da ake kira Whitehall, wanda Michael Marmot ya shahara da shi. Abin da aka samu: masinjoji da masu gadin ƙofa sun ninka manyan jami'ai kusan sau uku wajen yawan mutuwa a tsawon shekarun da aka bi su. Duk suna da albashi, duk asibitin gwamnati kyauta suke zuwa. Shan sigari da ƙiba sun bayyana wani ɓangare kawai. Bincike na biyu da aka fara a 1985 ya nuna rashin iko a kan aikinka, wato a ba ka umarni kullum ba ka da ta cewa, yana tafiya tare da ciwon zuciya. Robert Sapolsky na jami'ar Stanford ya ga irin haka a biran bika a Kenya: na ƙasa, wanda kowa ke hucewa a kansa, shi ne kotisol ɗinsa ke zaune a sama.

Dalibar_ABU:
Yaya Bakatsine, akwai ƙari a maganar birai. Masu bincike a Amboseli, nan Kenya ɗin, sun buga a 2011 cewa shugaban garke shi ma kotisol ɗinsa yana sama kamar na 'yan ƙasa, saboda kullum cikin faɗan kare kujera da gadin mata yake. Na biyu a matsayi ya fi shi samun sauƙi. Kuma a wurin dai aka ga matan biran da suka fi cuɗanya da 'yan uwansu, suna zama tare suna yi wa juna tsifa, sun fi tsawon rai.

Kanwar_Maza:
To ai mu mata sai dai Allah ya duba mu. Aikin gida, renon yara, dangin miji, ga rashin ta cewa. In ka yi magana a ce ba ka da haƙuri, in ka yi shiru a ce ga mace ta gari, ciwo kuma yana cinka a ciki. Zumuncin ma da ke rage zafi, wasu mazan sun hana fita.

Dan_Maradi:
Mu a nan Maraɗi idan mutum ya mutu bagatatan bayan mummunan labari cewa muke ya haɗiye zuciya. Shin wannan yana da asali a likitance?

Nas_Barnawa:
Yana da shi, @Dan_Maradi. Likitocin Japan ne suka fara siffanta shi a 1990, suna kiransa takotsubo. Mummunan labari ya sa adiranalin ya yi ambaliya, tsokar zuciya ta kasa matsawa yadda ya kamata, mutum ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi kamar mai bugun zuciya, alhali jijiyoyin zuciyar ba su toshe ba. Ya fi samun mata da suka daina al'ada. Mafi yawa suna warkewa cikin makonni idan an kai su asibiti da wuri, amma yana kisa. Shi ya sa ba a faɗa wa tsoho rasuwa kai tsaye ta waya.

Tun da muna maganar kotisol, 'yan uwa mata masu shan sha-ka-fashe don ƙiba: da yawa daga cikin ƙwayoyin nan dexamethasone ne, ɗan uwan kotisol da aka haɗa a masana'anta. Kumburin fuska, tumbi, nankarwa, suga, hawan jini, raunin ƙashi, duk aikinsa ne. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina rana ɗaya, akwai haɗari, ta je likita ya rage mata a hankali.

Mai_Shago_Kwari:
Na karanta duka, na gode. Na yarda damuwa mai daɗewa tana taɓa jiki, hujjojin sun yi yawa. Amma har yanzu ina nan a kan rabin maganata. Ina da maƙwabci a kasuwa da gobara ta cinye masa shago, bashi ya yi masa katutu, yau shekarunsa sun haura saba'in jininsa lafiya lau. Wani kuma ba shi da matsalar komai, ga hawan jini tun yana saurayi. Tsorona shi ne mutum ya ce ai tunani ne, ya ajiye maganinsa, ya ci gaba da zuba gishiri da dunƙule a miya.

Abban_Walid:
A nan ina tare da kai. Gado, gishiri, ƙiba, shekaru, ciwon ƙoda, duk suna da nasu kason. Wanda awonsa ya zauna a 140 bisa 90 ko sama, ya sha maganinsa ko hankalinsa a kwance yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule.

Bakatsine_a_Landan:
Kakannin da ka ambata kuma, Malam, waɗanda suka tsufa ne muka gani, waɗanda suka tafi da wuri ba a auna jininsu ba. Sannan su da magariba ta yi aiki ya ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ƙiyasta cewa a 2016 mutum 745,000 ne suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda aikin awa 55 ko fiye a mako. Ɗan kasuwa ko ɗan adaidaita nawa ne a Kano bai wuce wannan ba?

Dan_Ruga77:
Maƙwabcin naka, a tambaya ko yana da 'yan uwa da suka tsaya masa. A garke ma haka ne, shanu biyu za su sha wahala ɗaya, ɗaya ta faɗi ɗaya ta tashi. Amma wadda aka ware ita kaɗai ta fi saurin lalacewa.

Kanwar_Maza:
@Nas_Barnawa ni tambayata, wanda ba zai iya fita daga abin da ke damunsa ba fa? Ba aikin zai bari ba, ba gidan za ta bari ba. Tafiya da ƙafa da barci da wuri da ake faɗa, suna rage wani abu da gaske, ko sai matsalar ta kau? Kuma na'urar awon jini ta gida, ta hannu ko ta damtse ce ta fi inganci? Ina so in saya wa Innarmu.